Wa ke zaɓar mai sauraron talaka? Fashin baƙi kan kwamitin shawara na shirin MFP a Amurka

A Amurka akwai wani shiri na gwamnatin tarayya da ya haura shekara 50 yana gudana, amma ko a cikin ƙasar ba kowa ya san da zamansa ba. Sunansa Minority Fellowship Program, ana taƙaita shi da MFP. Aikinsa shi ne tallafa wa ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannonin lafiyar ƙwaƙwalwa da kuɗi da horo, bisa alkawarin in sun kammala za su yi aiki a cikin al'ummomin da kulawa ba ta isa gare su yadda ya kamata. Cikinsu akwai baƙaƙen fata, da 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, da masu jin Sifaniyanci, da 'yan gudun hijira da sauran baƙi da suka zauna. Kuɗin na fitowa ne daga SAMHSA, hukumar tarayya mai kula da matsalar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aka kafa a 1992. Sai dai ba ita ke zaɓar ɗaliban ba. Tana miƙa kuɗin ga ƙungiyoyin ƙwararru, kowace ta raba a fanninta: ta likitocin ƙwaƙwalwa, ta masana halayyar ɗan Adam, ta ma'aikatan jinya, ta ma'aikatan walwalar jama'a, ta masu sasanta ma'aurata da iyali, da ta masu ba da shawara kan damuwa da shaye-shaye. A nan ne ake kafa kwamitin shawara, wato wasu ƙwararru daga jami'o'i da asibitoci da ake gayyata su taimaka wajen tsara ƙa'idoji, tantance masu nema, da shirya horon da za a ba waɗanda suka yi nasara.

Wanda ya kalli kujerar wannan kwamiti daga nesa zai ɗauka ta ado ce, irin wadda ake ƙara wa takardar tarihin aiki. A ganina ba haka ba ne. Doka ta ce a taimaki waɗanda aka bari a baya, ba ta faɗi sunan kowa ba. A ɗakin wannan kwamiti ne wannan faffaɗar magana ke komawa sunan mutum ɗaya da aka ɗauka da wasu da yawa da aka ajiye.

Kafin a fahimci nauyin, sai an san dalilin da ya sa aka kafa shirin. Tarihin likitancin ƙwaƙwalwa da baƙar fata a Amurka ba mai daɗin ji ba ne. A 1851 wani likita mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa gudun da bawa ke yi daga ubangidansa ciwon hauka ne, har ya raɗa wa ciwon suna. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata maza a yankin Tuskegee na jihar Alabama da ciwon tunjere ba tare da magani ba, don kawai a ga yadda ciwon ke cin jiki, alhali an samu maganinsa tun a shekarun 1940. Wanda kakansa ya ga wannan, ba da sauƙi zai shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya zazzage wa baƙon likita cikinsa ba. A 1968 masana halayyar ɗan Adam baƙaƙe suka kafa ƙungiyarsu a San Francisco, a 1969 likitocin ƙwaƙwalwa baƙaƙe suka kafa tasu ƙarƙashin jagorancin Chester Pierce, suka matsa wa cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, NIMH, lamba. Daga wannan matsin ne MFP ya fito a 1973.

Alƙaluman da suka biyo baya sun nuna ba ƙorafin banza ba ne. A 1977 Stanley Sue ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa na yankin Seattle, inda ya gano kusan rabin marasa rinjaye, wato waɗanda ba farare ba, da suka zo neman taimako ba sa komawa bayan zama na farko, alhali a cikin farare kusan kashi 30 cikin 100 ne ba sa komawa. A 2001 babban likitan gwamnati David Satcher ya fitar da rahoto na musamman da ya tabbatar marasa rinjaye ba sa samun kulawar ƙwaƙwalwa kamar farare, in ma sun samu ba ta kai ta farare inganci ba. Ƙididdigar ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta nuna a 2015 kashi 86 cikin 100 na masu wannan sana'a farare ne, baƙaƙe kashi 4 kacal, a ƙasar da baƙaƙe suka kai kusan kashi 13. Har yau kuma sama da mutum miliyan 100 na zaune a yankunan da gwamnati da kanta ta ayyana a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga ma'aunan da take amfani da su shi ne a samu likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ga mutum 30,000 ko fiye.

Masu sana'ar ba da shawara kan damuwa da shaye-shaye sun makara wajen shiga shirin. Sai a 2012 SAMHSA ta ba NBCC tallafin, wato hukumar da ke ba masu wannan sana'a shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1982 take da hedikwata a Greensboro ta jihar North Carolina. Gidauniyar hukumar ce ke gudanar da shi. Akwai reshen masu digiri na uku, inda a shekarun baya tallafin ya kai dala 20,000 ga mutum ɗaya, akwai na masu digiri na biyu a lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma na masu koyon kula da 'yan shaye-shaye, waɗanda kuɗinsu bai kai na farko ba. Mai nema sai ya kasance ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, yana karatu a kwas ɗin da aka amince da shi, ya kuma nuna ya san al'ummar da yake cewa zai yi wa aiki. A Disamban 2016 majalisar dokoki ta saka MFP cikin doka a fili, bayan shekaru yana tafiya da kason kasafi na shekara-shekara. Duk da haka kuɗin shirin gaba ɗaya, na dukkan fannonin, bai kai dala miliyan 20 ba a 2023, a cikin hukumar da kasafinta ya haura dala biliyan 7. Ke nan masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan shi ne tushen duk wata wahalar ɗan kwamiti.

Ikon da ke hannun kwamiti da wanda ba ya hannunsa

Kwamitin shawara ba shi ne hukumar gudanarwa ba. Ba ya sa hannu a cek, ba ya ɗaukar ma'aikaci ko korarsa, ba shi SAMHSA za ta tuhuma in lissafi bai cika ba. Wannan nauyi na kan gidauniya da amintattunta. Matsayinsa ya yi kama da na masu zaɓen sarki a masarautunmu: su ke zama su tace su miƙa sunaye, wani ke sanarwa da miƙa sanda, amma da wuya a naɗa wanda bai bi ta hannunsu ba. Wanda ya karɓi kujerar bai gane wannan ba, ɗayan biyu ne zai same shi. Ko dai ya ɗauka shi ne mai gida, ya riƙa rigima da ma'aikatan shirin kan abin da sharuɗɗan tallafin gwamnati suka riga suka ɗaure, ko kuma ya ɗauka ra'ayinsa ba ya ƙara komai, ya riƙa halartar taro ta intanet kyamara a kashe yana amsa wasiƙun ofishinsa. Na biyun ya fi yawa a kwamitocin duniya, ya kuma fi ɓarna, domin ba a jin ƙararsa.

Babban aikin shi ne karanta takardun masu nema. Kowanne kan zo da sakamakon karatu, da tarihin aiki, da wasiƙun shaida daga malamai ko shugabannin wurin aiki, da rubutun da mai nema ya yi da kansa yana bayyana wane ne shi da abin da yake son yi. A irin waɗannan shirye-shirye akan ba masu tantancewa takardar maki, kowane sashe da iyakar makinsa, fiye da mutum ɗaya su karanta takarda guda, sannan a haɗa. Tsarin na da kyau domin yana rage son kai. Amma yana da wani rami, kuma sai an sa takardu biyu gefe da gefe ake ganinsa.

Mu ƙaddara takardar farko ta wata ɗaliba ce daga babbar jami'a. Turancinta sumul, ba inda za a sa jan biro. Ta ambaci ƙa'idojin ƙwarewar aiki da al'adu daban-daban da Derald Wing Sue da abokan aikinsa suka fitar a 1992, ta san tambayoyi 16 na tantance al'adar majiyyaci da aka saka a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na 2013, ta gabatar da maƙala a taron ƙasa. Wasiƙar shaidarta daga farfesan da duk 'yan kwamiti sun san sunansa. Takarda ta biyu ta wani magidanci ne mai shekara 40 da 'yan kai, yana karatu da daddare a ƙaramar jami'a, da rana yana aiki a gidan farfaɗo da 'yan ƙwaya a wani gari na tsaunukan Appalachia. Rubutunsa gajere ne, akwai jimlar da ta karkace. Bai ambaci sunan masani ko ɗaya ba. Abin da ya rubuta shi ne yadda yake ɗaukar mutane a motarsa zuwa asibitin da ke ba da maganin rage ƙishin ƙwaya saboda babu bas a yankin, da yadda ya koyi kada ya ajiye motar a ƙofar gidan mutum don kada maƙwabta su gane. Wasiƙarsa daga shugabar wurin aikinsa ce, layi takwas, ta ce ba ya fashin aiki kuma mutane na tambayarsa da suna.

In aka bi takardar maki ido rufe, ta farko za ta tsere da tazara. Kuma ba laifinta ba ne, wataƙila ma ta zama malamar da za ta horar da ɗaruruwa. Amma tambayar da aka tara kwamiti dominta ita ce: bayan shekara biyar, wanne a cikinsu zai kasance a gaban mutanen da aka ware kuɗin dominsu? Iya rubutu a kan talaka daban, iya zama da shi daban. Takardar maki ta fi gane na farko, domin ita ma rubutu ce, kuma malaman jami'a ne suka tsara ta. Ɗan kwamitin da ya san aikinsa shi ne wanda zai ce a dakata, a sake duba yadda aka raba makin tun kafin a buɗe takardar kowa: nawa aka ba gogewar aiki a cikin al'umma, nawa aka ba jin harshen mutanen, nawa aka ba gabatar da maƙala a taron da sai mai kuɗin jirgi da otal ke zuwa. Gyara ma'auni kafin a ga sunaye adalci ne. Gyara shi bayan an gani kuwa, ko da niyya mai kyau, ƙofar alfarma ce.

Akwai wani ramin da ya fi wannan zurfi. Masu nema sun san ana son a ji labarinsu, sai wasu su kwance duk abin da ya same su: uban da aka ɗaure, ƙanin da ƙwaya ta kashe, daren da aka kwana a mota. Mai karatu mutum ne, zuciyarsa za ta karye, makin ya hau. A hankali sai a koya wa matasa cewa sai sun tallata ciwonsu za su samu tallafi, wanda kuma tarbiyyarsa ta hana shi tona asirin gida ya koma baya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba ya san akwai al'ummomi da yawa, a Afirka da Asiya da cikin 'yan asalin Amurka, da ke ganin wannan fallasa ce. Abin da ya kamata a nema a rubutun ba girman masifar ba ne, a'a, alamar mutum ya sarrafa abin da ya same shi har zai iya zama gaban mai irin ciwonsa ba tare da ya mai da zaman nasa ba. Wannan kuwa sai wanda ya daɗe yana duba aikin sababbin ma'aikata ke iya hango shi a cikin shafi biyu. Shi ya sa bai kamata kwamiti ya zama na malaman jami'a zalla ba. Sannan abin da aka karanta amana ce: mai nema ya rubuta wa kwamiti ne, ba don a ba da labarinsa a wajen shan shayi na taron shekara ba.

Shin kamannin fata na warkarwa?

Ɗan kwamiti na bukatar sanin abin da bincike ya nuna da abin da bai nuna ba, don a nan ake yawan zarce gona da iri. A 2011 Raquel Cabral da Timothy Smith sun tattara sakamakon bincike masu yawa kan haɗa majiyyaci da mai ba da shawara ɗan jinsinsa. Sun gano mutane sun fi son a haɗa su da nasu, sun kuma fi yaba masa, musamman baƙaƙen fata. Amma da aka zo kan samun sauƙi kansa, bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai. A ɗaya gefen, wani nazari da Derek Griner da Smith ɗin suka fitar a 2006 ya nuna kulawar da aka daidaita da al'adar mutane na da tasiri a fili, kuma wadda aka yi da harshen uwa na majiyyaci ta ninka wadda aka yi da Turanci amfani.

Ma'anar wannan a wurina ita ce, kamanni na taimakawa mutum ya shigo ɗaki ya kuma dawo mako na gaba, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna rabin da ke ɓacewa bayan zama ɗaya. Amma abin da ke faruwa a cikin ɗakin ya dogara ne da ƙwarewa, da harshe, da sanin yadda mutanen ke fassara ciwonsu. Greensboro ɗin da NBCC ke zaune na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Zabarmawa da Hausawa, kamar yadda unguwar Bronx a New York ta tara mutanen zangon Ghana. A ce wata uwa daga cikinsu ta je asibiti bayan haihuwa ba ta barci, ba ta cin abinci. Ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba. Za ta ce zuciyarta ce ke bugawa, kanta na yi mata nauyi, jikinta duk ya mutu, wataƙila a gida an riga an fara maganar iska ko sammu, an karɓo rubutu da hayaƙi. In babu tafinta, sai a jawo ɗanta ɗan shekara 12 ya fassara, ita kuwa ba za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta a gaban ɗan cikinta ba ko za a yanka ta. A takardar gwamnati, ita da baƙar fatar da kakanninta suka yi bauta a Georgia layi ɗaya suke, amma ma'aikacin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayar ba. Wanda zai amfane ta shi ne wanda ba zai yi wa rubutun dariya ba, ba kuma zai bar ta da shi kaɗai ba, ya san limamin da zai iya kira, ya san dole a samo tafinta babba kuma mace. Kwamitin da ke ƙirga launin fata kawai ba zai taɓa tambayar mai nema ko ya san wannan ba.

Batun son kai ba ya bukatar dogon bayani. Sana'ar ƙarama ce, malaman da ke horar da masu digiri na uku kusan duk sun san juna. Wanda ɗalibinsa ko ɗalibin sashensu ya nema, ya faɗa tun da wuri ya janye daga takardar. Abin da ya fi wuyar kamawa shi ne sanayya ta nesa, wato ganin sunan aboki a ƙasan wasiƙar shaida. Maganinsa a riƙa sauya 'yan kwamiti bayan wa'adi, a kuma kawo mutane daga ƙananan makarantu, da jami'o'in da aka kafa don baƙaƙen fata irin su North Carolina A&T da ke Greensboro ɗin, da kwalejojin ƙabilun asali, da waɗanda suka taɓa cin gajiyar shirin.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ke biyan farashin kujerar. Irin wannan hidima yawanci ta sa-kai ce. Su wa ake kira? Waɗannan 'yan tsirarun malamai baƙaƙe ko 'yan Latin ko 'yan asali ɗin nan, waɗanda tuni kowane kwamiti a jami'arsu ke nemansu, kowane ɗalibi mai kama da su ke ƙwanƙwasa ƙofarsu. Lokacin da suke karanta takardun masu nema da daddare, abokan aikinsu na rubuta binciken da za a ƙirga musu ranar ƙarin girma. Wanda aka gayyata ya kamata ya tambayi awa nawa aikin ke ci a watan tantancewa kafin ya ce to, ita kuma ƙungiya ta daina ɗaukar wannan lokacin kamar daga sama ya faɗo.

Bayan an sanar da sunaye

Da yawa na ɗauka aiki ya ƙare ranar da jerin ya fita. Rabinsa ke nan. Shirin NBCC na haɗa ɗalibai da ƙwararrun da za su riƙe hannunsu, yana shirya musu darussa ta intanet, yana kuma tara su a taron shekara mai suna Bridging the Gap. Kwamiti na da baki a kan abin da za a koyar, kuma a nan ma akwai zaɓi. Ana iya cika jadawali da laccoci kan wariya, waɗanda ɗaliban sun fi mai laccar saninta a jikinsu. Ana kuma iya koya musu abin da zai sa su ɗore: yadda ake cike takardun Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, don a biya asibiti, yadda ake neman tallafin gudanar da ƙaramar cibiya, yadda ake samun mai duba aiki mai rahusa, yadda ake aiki da tafinta, yadda mutum zai gane ya fara ƙonewa da gajiya kafin ya ajiye aikin.

Domin hanyar da ke gabansu doguwa ce. Kwas ɗin digiri na biyu da CACREP, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan wannan sana'a, ta amince da shi na bukatar awa 100 ta gwajin farko da awa 600 ta aikin koyo, kuma sau da yawa ba a biyan ɗalibi ko sisi a wannan lokaci. Bayan kammalawa, yawancin jihohi na bukatar ƙarin awa 2,000 zuwa 3,000 ko fiye ƙarƙashin kulawar babba kafin a ba da cikakken lasisi. Matsakaicin albashin masu wannan aiki a 2023 dala 53,710 ne a shekara bisa ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago, ga bashin karatu a wuya. Cibiyoyin unguwannin talakawa sun dogara da Medicaid, wadda kuɗin da take biya bai kai na inshorar kamfanoni ba. Sai a ranar 1 ga Janairun 2024 ne ma Medicare, inshorar tsofaffi, ta fara biyan masu ba da shawara kai tsaye. Saboda haka da zarar lasisi ya zo hannu, ga ofis mai sanyi a unguwar masu hali yana kira, inda mutum ɗaya zai biya a awa guda abin da cibiyar gwamnati ba ta biya a biyu.

Alkawarin aikin shekara biyu a cikin al'umma da ɗaliban MFP kan ɗauka gajere ne a kan wannan jan hankali. Akwai wani shirin gwamnati daban, National Health Service Corps, da ke biya wa ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa bashin karatu har dala 50,000 in ya yi shekara biyu a yankin ƙaranci, kuma wanda ya karya yarjejeniyarsa tara mai nauyi ke jiransa. MFP bai ginu a kan tsoron tara ba, ya ginu ne a kan zaɓen mutumin da dama can zuciyarsa na wurin. Mu da muka ga yadda jihohinmu ke tura yara karatun likita da yarjejeniyar dawowa aiki, sannan a neme su a rasa, mun san takarda ba ta riƙe wanda ya riga ya tafi a ransa. Wannan ya sake mai da nauyin kan ranar tantancewa. Ya kuma nuna iyakar kwamitin: ba shi ke yanka albashi ba, ba shi ke gina asibiti ba. Abin da zai iya shi ne ya dage a riƙa bin sawun tsofaffin ɗalibai, a san ina suke bayan shekara uku da biyar da goma, su wa suke gani, da wane harshe. Rahoton da ya tsaya a kan yawan waɗanda aka ba tallafi da hotunan taro bai gaya wa kowa ko ma'aunin zaɓen na aiki ba.

Yanzu kuma ƙasan da shirin ke tsaye a kai na motsi. A ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar jami'o'in Harvard da North Carolina. Hukuncin kan shiga jami'a ne, amma lauyoyi sun ɗauke shi sun nufi tallafin karatu da shirye-shiryen horo iri-iri. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta ba da umarnin rufe shirye-shiryen da ake kira na bambancin jinsi da daidaito a ma'aikatun tarayya, a Maris kuma ma'aikatar lafiya ta sanar da shirin narkar da SAMHSA cikin wata sabuwar hukuma tare da rage ma'aikata. Abin da ke ba shirin NBCC ɗan abin tsayawa shi ne sharaɗinsa ya fi karkata ga al'ummar da mai nema zai yi wa aiki, ba launin shi mai neman ba. Farar mace da ta shekara tana aiki da 'yan gudun hijira tana iya nema.

Duk da haka 'yan kwamiti na gaban wata tambaya da ba su da mafita mai sauƙi a kanta. Hanya mafi aminci a gaban doka ita ce a bayyana "waɗanda aka bari a baya" da wurin zama, da ƙarfin aljihu, da harshe. Wannan ma'auni zai kama magidancin Appalachia, a shekarun da ƙwaya ta kashe sama da mutum 100,000 a shekara a 2021 da 2022. Zai kama ƙauyukan 'yan asali inda yawan masu kashe kansu ya fi na kowace al'umma a ƙasar. Zai kama uwar nan ta Greensboro ta ƙofar harshe. Wanda ba zai kama ba shi ne baƙar fata injiniya mai albashi da inshora a bayan garin Atlanta, wanda in ya je asibiti da ciwon damuwa mai tsanani ya fi farar fata mai irin alamominsa fuskantar a rubuta masa taɓin hankali mai raba mutum da zahiri, abin da bincike ya sha nunawa shekaru da dama. Matsalarsa ba nisa ba ce, ba kuɗi ba ce, ba Turanci ba ce, tana cikin idon wanda ke duba shi. Irin wannan ne ya tayar da su Chester Pierce a 1969, kuma taswirar yankunan ƙaranci ba ta nuna shi. Kwamitin da zai rubuta ƙa'idojin zagaye na gaba zai yanke ko zai saka tambaya a kan wannan a takardar nema, da kalmomin da lauyan gidauniya zai yarda a buga.